Takobin haske da hular sojan Star Wars: in sayi mai kama da na fim sak ne, ko mai sauƙin kuɗi?

Ga tambayar da wani ƙanina ya turo daga nan Unguwan Rimi a Kaduna: "Yaya, na daɗe ina tara kuɗi inaso in sayi kwafin kayan finafinan kimiyya, musamman takobin hasken nan na Star Wars ko hular fararen sojojin nan, har da bindigar Han Solo in da hali. Amma da na shiga intanet kaina ya ɗaure, abu ɗaya sai kaga wani dala 40, wani 250, wani ya haura dubu, kuma kowa cewa yake nashi ne sak na fim. Wanne zan saya, kuma tsadar nan tana da dalili ko suna kawai ake sayarwa?"

Toh ƙanina, tsadar tana da dalili, amma ba kowane dalili bane ya shafe ka. Kafin ka kalli farashi ka fara tambayar kanka me zakayi da abun in ya iso hannunka. Riƙe shi zakayi kana kunnawa kana kaɗawa, ku fita tsakar gida da daddare kai da abokai kuna karawa? Ko a shogilas zaka ajiye kana kallo, baƙo ya shigo ka nuna masa? Ko sawa zakayi a jiki ka je taro ko ka ɗauki bidiyo? Wannan ukun kayansu daban ne, kuma mafi yawan mutanen da nake gyara wa irin kayan nan matsalarsu ɗaya ce, sun sayi na ajiya suna wasa da shi, ko sun sayi na wasa suna jin haushin baya kama da na fim in an matso kusa. Kuɗin kamanni ana biyansa ne iya inda idonka da hannunka zasu iya ganewa, abinda ya wuce nan ka biya ne saboda wani mutum da ba kai ba.

Ka fara sanin yadda akayi na asalin tukunna, dan shi zai sauke maka zazzaɓin kalmar "sak" ɗin nan. Lokacin da ake shirya Star Wars na farko wanda ya fito a 1977, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, dan haka kayan tsince-tsince suka haɗa. Takobin Luke, jarumin fim ɗin, ba ƙera shi akayi daga farko ba, mariƙin fitilar tsohuwar kyamarar 'yan jarida ce mai suna Graflex, mai ƙawata dandalin fim ɗin, Roger Christian, ya samo su a wani shagon kayan hoto a Landan, ya manna masa baƙaƙen robobi a gindi a matsayin wajen riƙo, ya ɗauko gilashin lambobin wata kalkuleta ya soka a gefe, ya sa zobe na ratayewa, shikenan. Na Darth Vader, mugun fim ɗin, shi ma mariƙin fitila ne na wani kamfanin Ingila, MPP. Na Obi-Wan, malamin Luke, kuwa shine abin mamaki, akwai wani ɓangare na injin jirgin sama na Rolls-Royce a bakinsa, da jikin tsohon gurneti na lokacin yaƙin duniya na ɗaya a tsakiya, sannan gindinsa marfin famfon wanke hannu ne. A Star Wars na 1999 na'urar sadarwar da jarumi Qui-Gon ke riƙewa rezar aski ce ta mata ta kamfanin Gillette aka yi wa fenti. A shirin talabijin na Star Trek na shekarun 1960 wasu kayan aikin likitan jirgin 'yan kwalaben barbaɗa gishiri ne. Ƙarar takobin ma da kake ji, mai haɗa sautin fim ɗin, Ben Burtt, ya haɗa ta ne daga gunjin motar tsohon majigi da wata tsuwa da makirfo ya ɗauko a kusa da talabijin.

Sannan abu na biyu, babu wani takobi guda ɗaya tak da za'a ce shine na fim. Kowane kaya ana yin kala biyu ko fiye, akwai na gaban kyamara wanda aka gyara tsaf saboda ana hasko shi kusa, akwai na faɗa da jifa wanda wani lokacin roba ce zalla aka zuba a mazubi aka shafa fenti. Kuma daga fim zuwa fim suna canzawa. Shi Graflex ɗin Luke a fim ɗin 1977 robobin riƙonsa bakwai ne, a na 1980 suka koma shida, aka cire gilashin kalkuletar aka sa wani yankin allon lantarki a wurin. Dan haka in mai sayarwa yace maka nashi sak ne, tambayar da zakayi masa ita ce sak na wane fim, kuma na kusa da kyamara ko na faɗa? Wanda yasan kayansa zai baka amsa nan take. Wanda ya fara kame-kame toh ka gane hoto kawai ya ɗauko.

Hular fararen sojojin ta fi kowanne nuna wannan. Ta asalin da akayi a Ingila a shagon Andrew Ainsworth, da hannu aka sassaƙa samfurin, aka dinga zafafa faifan roba ana tsotso shi a kan mazubi, dan haka hular a karkace take, idon dama da na hagu ba ɗaya bane, gefe ɗaya ya ɗan fi kumbura, layukan shuɗin nan na kumatu da tokan goshi a yawancinsu da buroshi aka zana, wasu har fentin yana ɓarewa ana cikin ɗauka. Kamfanin da yake so ya yi maka wacce tafi kama da ta 1977 dole ya kwafo har karkacewar, kuma ita ce ke da tsada. Ita kuma mai sauƙin kuɗi sau da yawa da kwamfuta aka zana ta, ko'ina daidai wa daida, tana sheƙi. Na sha ganin wanda aka ajiye masa biyun a gabansa ya nuna mai arahar yace ita ce ta gaske, dan ita tafi kama da hular da ke cikin kansa. Kuma ba laifinsa bane, abinda ido ya riƙe daga allo daban ne da abinda ke cikin akwatin kamfanin fim. In kai ma hular da ke cikin kanka kake so, ba dalilin da zaisa ka biya kuɗin karkacewa.

Yanzu ga abinda kuɗin ke saya a kowane mataki. Can sama akwai ainihin kayan da aka riƙe a fim, waɗannan ba namu bane, gwanjonsu akeyi. Bindigar Han Solo, ɗaya daga cikin jaruman Star Wars, ta fim ɗin farko an sayar da ita sama da dala miliyan 1 a 2022, ta fim ɗin Blade Runner na 1982 ta tafi a dala 270,000 a 2009. Ƙasa da su akwai masu haɗawa da irin ainihin kayan da akayi amfani da su, wato mutum ya nemo tsohon Graflex na gaske na shekarun 1940 ya gina takobinsa a kai, har masu tara tsoffin kyamarori suna kuka cewa masoya Star Wars sun ƙarar musu da fitilu sun tsauwala farashi. Sai masu lasisi na manya, wato masu izinin mai fim, irin wanda kamfanin Master Replicas suka yi a farkon shekarun 2000 da eFX daga baya, ƙarfe ne mai nauyi, da lamba da takarda da akwatin gilashi, yawanci ko wuta basa kawowa, na kallo ne. Sai na tsakiya irin Black Series na kamfanin kayan wasa Hasbro, hulunansu suna kaiwa dala ɗari da wani abu, takubbansu na Force FX ɗari biyu da wani abu, suna da haske da ƙara, kamanninsu ya isa ga duk wanda ba awo ya zo yi da ma'auni ba. Sai kuma tulin kamfanonin China marasa lasisi, waɗanda basa iya kiran takobi da sunan jarumin sai su laƙaba masa wani suna, kuma gaskia a cikinsu akwai masu kyau sosai akwai tarkace. Wani kaso na kuɗin mai lasisi kuɗin suna ne da ake biyan mai fim, wannan haka yake, amma wani kason kuɗin samun damar auna na asalin ne. Kamfanin The Wand Company misali da zasu yi bindigar hasken Star Trek, ainihin wacce ta rage ta gaban kyamara suka auna da na'ura, sannan suka mai da ita rimot na talabijin, wato ka samu kamanni kuma ka samu abin taɓawa kullum. Irin wannan haɗin ba kasafai ake samunsa ba.

Dalilin da yasa ba'a cika samu ba shine kamanni da daɗin wasa suna faɗa da juna, kuma a takobi zakafi ganin haka. Riƙe Graflex na sak ka kaɗa shi na minti biyar kaji, akwatin nan na gefe yana cin tafin hannu, robobin riƙon suna da kaifi, kunnuwan saman suna kama riga. Ba dan riƙo aka yi shi ba, dan kyamara aka yi shi. Na Obi-Wan da na Luke na fim ɗin 1983 suna da siririn wuya, yana da kyau a ido amma nan ne wajen rauni, kuma ba wajen da za'a cusa batir da sifika da allon sauti, wato ɗan allon lantarkin da ke sarrafa ƙara da haske, shiyasa masu yin na wuta suke ƙara masa kauri ko tsawo, kaga kamanni ya ragu kenan. A ɗaya ɓangaren takobin da yafi daɗin karawa shine sumul ɗin bututun alminiyam wanda baya kama da na kowane jarumi, ba abinda zai soke ka, ba abinda zai ɓalle. Yara da samarin da nake gani suna jin daɗin kayansu da gaske, yawanci irin wannan ne a hannunsu.

Sai maganar ruwan takobin, wato sandar da ke haske. Kala biyu ne. Akwai wanda ƙwan LED ɗin yana cikin mariƙin yana haska bututun roba mai ƙwari wanda cikinsa fayau ne, wannan yafi araha, yana jure duka, in ya fashe canza shi ba wuya, batir yana daɗewa, illarsa hasken yana raguwa yayin da yake zuwa tsini, kuma da rana kusan baka ganin komai. Akwai kuma wanda ake kira neopixel, shi ƙananan ƙwayaye ne jere a cikin sandar tun daga gindi har tsini, in ka kunna zakaga hasken yana hawa a hankali kamar yadda yake a fim, launi ya cika ko'ina, a bidiyo ba'a magana. Amma yana shan batir da sauri, sandar kaɗai tana da tsada, kuma in kuka dage da duka mai ƙarfi wata rana zakaga wani yanki ya mutu ko yana kawo launin da ba shi ba. In bidiyo da hoto ne burinka ɗauki neopixel. In karawa ce da ƙannenka da 'ya'yan maƙwabta ɗauki na farkon, zuciyarka zatafi kwanciya.

Amma kada araha ta ja ka har ƙasa, araha bata ado. Na dala ashirin zuwa talatin ɗin nan da ake tallatawa da hoto mai ƙyalli, ga abinda zaka tarar in ka buɗe kwalin: mariƙin roba ce aka fesa wa ruwan azurfa, in ka ƙwanƙwasa da farce zakaji kwas-kwas, ga layin haɗin mazubi ya bi ta gefe ba'a goge ba, sandar tana rawa a cikin bakinta dan ƙusa ɗaya ce ƴar ƙarama ke riƙe da ita, sifikar tana kuka kamar zata tsage, kuma in ka kaɗa shi sai bayan ka gama ƙarar take biyowa. Wannan jinkirin ƙarar shine ke kashe daɗin gaba ɗaya. Allon sauti mai kyau yana bin motsin hannunka, in ka juya a hankali gunjin ya canza a hankali, in ka fizga ya fizga, 'yan kasuwar suna rubuta smooth swing a bayanin kayan, ka nemi wannan, dan ni a wajena shi yafi cancantar ƙarin kuɗi fiye da adadin robobin riƙo. Kamar shadda ce, daga nesa ranar sallah Getzner da kwafinta duk suna ɗaukar ido, sai an taɓa kuma an kai wanki sannan kowacce take faɗin kuɗinta.

Toh sai babban abinda masu sharhi na ƙasashen waje basa lissafawa saboda bai dame su ba, wato kuɗin isowa Kaduna. Farashin da ka gani a shafi rabin labari ne. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a 2024, dan haka abin dala 250 ba ƙaramin kuɗi bane tun kafin ya motsa daga inda yake. Sannan masu kago na jirgin sama ba nauyin sikeli kaɗai suke dubawa ba, suna duba girman kwali. Lissafin da manyan kamfanonin aike ke yi shine tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 5,000. Kwalin hula mai 40 da 35 da 35 zai fito kilo 9.8 a lissafinsu alhali hular kanta bata fi kilo biyu ba, kuma kuɗin kilo goma zaka biya. Takobi kuma sandarsa ta kusa mita ɗaya, dogon kwali ne, wasu suna ƙara kuɗi a kansa. Ga batirin lithium wanda wasu masu kago basa ɗauka ta sama sai ta wata hanya daban mai tsada ko mai jinkiri. Ga kwastan, ga VAT na kashi 7.5, ga kuɗin kiliyarin, ga na motar da zata ɗauko daga Legas ko Kano zuwa tasha, ga ɗan abinda banki ke cira wajen canji. Ka rubuta duk wannan a takarda kafin ka danna biya. Sau da yawa in ka gama lissafi zakaga bambancin mai araha da na tsakiya ya ragu, tunda dakonsu ɗaya ne, kuma a nan ne nake cewa gara ka ɗan ƙara ka ɗauki mai kyau akan ka biya dakon tarkace. In kana da ɗan'uwa mai dawowa daga waje ya sako maka mariƙin kaɗai a jaka, hakan yafi komai sauƙi, sandar a nemo ta daban.

Maganar bindigar Han Solo kuwa, ƙanina ina roƙonka ka cire ta daga lissafi. Ba wai dan bata da kyau ba. An gina ta asalin ne a kan ainihin bindigar Jamus, Mauser C96, ta fararen sojojin kuma a kan Sterling ta sojan Ingila, ta Blade Runner haɗin Steyr ce da Charter Arms. Ma'ana duk yadda kwafin ya ƙara kama da na fim, haka yake ƙara kama da bindigar gaske. A Amurka doka ta sa ana yi wa bindigar wasa jan baki mai ruwan lemo dan a bambance, masu son sak kuma abinda suke fara cirewa kenan. Mu nan kasan halin da muke ciki na tsaro, kasan shingayen da ke hanyar Abuja da hanyar Zariya da ta Birnin Gwari, kasan yadda ake bincika jaka a tashar jirgin Rigasa. Jami'in da ya buɗe but ɗinka da magariba ya ga ƙarfe mai kan bindiga ba zai tsaya jin tarihin fim ba, kuma bazan ga laifinsa ba. Tun a kwastan ma ana iya riƙe ta, kuɗinka ya tafi, ƙila har a neme ka da bayani. Ko maƙwabci ya hango yaro da ita ta katanga, magana ta tashi a unguwa. Akwai kayan da basu da wannan haɗarin sam, na'urar sadarwar Star Trek, sukundireban shirin talabijin na Doctor Who, agogon hannun wasan bidiyo na Fallout, ƙananan jiragen sama na ajiya, duk zasu baka irin daɗin da kake nema.

Hula kuma sai ka yi tunanin yanayinmu. Cikin bazara, Maris zuwa Afrilu, in ka kifa wannan abun a kai minti goma ya isa gumi ya cika maka ido gilashin ya yi hazo, kuma dama gani ta cikinta kaɗan ne, a fim ɗin 1977 ma akwai sojan da ya buga kansa a saman ƙofa aka bar shi a ciki. Masu sawa da gaske suna ɗaura ƙananan fanka biyu a ciki da fawa bank. Ka auna kanka da tef ɗin tela kafin ka saya, da zagaye da kuma faɗin kunne zuwa kunne, dan wasu hulunan ƙofar shigarsu matsattsiya ce, wasu kuma na yara ne aka ɗauki hotonsu yadda bazaka gane ba, in baka ga an rubuta 1:1 ba, wato girman asali, ka tambaya. Sannan ka tambayi da me aka yi ta. Robar PLA da yawancin masu injin 3D ke amfani da ita tana fara laushi a wajen digiri 60, kuma motar da aka rufe a rana a Ahmadu Bello Way tana iya kaiwa kusa da haka a kan dashbod, zaka dawo ka tarar hula ta lotsa. PETG tana jurewa zuwa wajen 80, ABS ta haura 100. Rezin yana fitar da ƙananan zane da kyau amma in ya faɗi a tayil ya tarwatse. Farar ABS kuma in rana na dukanta ta taga a hankali zata koma ruwan ƙwai. Ga ƙurar hunturu da ke shiga ramin sifika da maɓalli, ga danshin Agusta da ke sa ƙarfen da ba'a shafa wa komai ba ya yi tsatsa. Duk wanda zai sayi na ajiya mai tsada ya sa kuɗin shogilas mai rufewa a cikin lissafi.

Akwai wata hanya daban wacce ita nafi ƙauna, kuma mu 'yan Kaduna mun fi kowa dacewa da ita: ka haɗa da kanka. Ka tuna na asalin tsince-tsince ne. Shiga tsohuwar Panteka da hoton takobin da awonsa a takarda, ka nemi guntun bututun alminiyam, ka kai wa masu injin da ke juya ƙarfe yana fere shi. Tsaya ka kalla, bututun yana juyawa, bakin wuƙar yana shiga a hankali, siraran ɓawon ƙarfe suna nannaɗowa suna zuba a ƙasa, kafin ka ankara ga zobba-zobban wuyan takobi sun fito suna ƙyalli, ya ɗauko samfefa ya dafa a kai yana juyawa har ya yi santsi. Mutanen nan suna fere abinda yafi wannan wuya kullum, kawai ka basu awo na gaskia kada kace "kamar haka". Ramin bakin ya zama inci ɗaya dan shine girman yawancin sanduna, sai ka yi odar kayan cikin kaɗai, allon sauti da sifika da ƙwai, waɗanda a ɗan ƙaramin kwali suke zuwa. Hula kuma a buga maka da injin 3D gunduwa-gunduwa, ka manne, ka shafa filar da masu gyaran bodin mota ke amfani da ita, ka goge da samfefa mai kaushi sannan mai laushi, ka fesa firaima, layukan bugun su sake bayyana, ka ƙara fila ka ƙara gogewa. Aikin yana cin lokaci da haƙuri, kuma kada ka fesa fenti a waje ranar da hazo ya sauko, ƙura zata manne a jiƙaƙƙen fenti ta zama kamar yashi. Ba lallai ya fi araha sosai ba in ka haɗa komai, amma in ya lalace kasan cikinsa, kuma ba sai ka jira wani daga China ya amsa maka saƙo ba.

In kuma saye zakayi, ga wuraren da ake cutar mutane. Na ɗaya kwafin kwafi, wato wani ya sayi aikin wani ya zuba masa mazubi ya dinga fitarwa. Kowane zubi yana ɗan tsukewa kuma kaifin zanen yana dushewa, zakaga gefuna sun yi dulu-dulu, ga ƙananan ramukan iska, hula ta ƙanƙance, kuma haƙƙin wanda ya yi wahalar sassaƙawa ne aka ci. Na biyu hoton kwamfuta a madadin hoton kaya, in duk hotunan bayansu baƙi ne sumul ba inuwa ba hannun mutum, kace ya turo maka bidiyo yana riƙe da shi yana kunnawa, da takarda a gefe an rubuta kwanan watan ranar. Na uku biyan kuɗi kafin a ƙera, a wannan harkar an sha ganin mutane sun biya sun jira shekaru, har da kamfanoni masu lasisi, kuma kai da kake Najeriya dawo da kuɗi ya fi maka wuya, dan haka abinda ke ƙasa a shirye shi zaka saya, ta hanyar da ke da kariyar mai saye, ba tura kuɗi kai tsaye a asusun mutum ba. Na huɗu batir. Yawancin takubban suna amfani da batirin lithium da ake kira 18650, nagarinsa baya wuce wajen 3,500mAh, duk wanda ka ga an rubuta 9,900 a jikinsa ƙarya ce. Ka zaɓi takobin da ake iya zare batirinsa a canza.

Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa jari ne, wai zai yi tsada nan gaba. Wasu 'yan ƙalilan masu lamba suna tashi a kasuwar Amurka da Turai, amma kai wa zaka sayar wa a nan? Masu sha'awar suna nan amma basu da yawa, kuma ranar da ka matsu da kuɗi rabin abinda ka kashe ma da ƙyar a taya.

Da ni ne kai, da kuɗin da ka tara kuma wannan ne sayenka na farko, zan ɗauki takobi mai mariƙin ƙarfe na matsakaicin farashi, mai allon sauti mai bin motsi, mai batirin da ake zarewa, siffarsa ta yi kusa da ta jarumin da kake so ko da bata kai sak ba, in bar hula sai na samu mai buga min ita a nan da PETG in gama ta da hannuna, bindiga kuma in manta da ita. In ka yi wata shida da shi ka ga har yanzu kana buɗe hotunan fim kana ƙirga robobin riƙo kana jin ba daɗi, toh ka shiga sahun masu son sak, lokacin sai ka fara tara na ajiya da saninka. In kuma ka ga kullum da daddare kunna shi kake kana jin daɗi, ka gama sayayya.

In ya iso, kada ka soka shi a cajar wayarka mai saurin caji, yawancin allunan nan 5V 1A suke so kuma caja mai ƙarfi tana iya ƙona su, sannan kada ka bar shi a soket lokacin da NEPA ke wasa da wuta ko ana canzawa zuwa janareta, fawa bank yafi aminci. Turo min hotunan guda biyu ko ukun da ka fi so tare da girman kwalinsu da kuma awon kanka, in duba maka kafin ka biya.